Dachung Ya Ajiye Babur Saboda Ni

Masu karatu, duk waɗanda suke turo mini saƙo suna cewa na yi dacen miji, ku yi haƙuri, yau zan ɓata muku rai. A cikin mota nake rubuta wannan, a ƙofar gidanmu. Na kashe inji tun ɗazu amma na kasa fita. Ina hango Mama ta tagar kicin tana kai da kawowa, daga yadda take juya kai na san waƙa take yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Serah, 'yar Bukuru ce ni a Jos. Bayan rasuwar Baba muka taho Amurka ni da Mama, kuma ni kaɗai ce gare ta. Muna zaune a wani ɗan gida a East Greensboro, irin wanda in maƙwabci ya yi atishawa sai mu ce masa sannu. Mama tana aiki a gidan jinya. Ni kuma ɗaukar hoton ƙashi nake yi a asibiti, saboda haka kar wani ya zo yana koya mini abin da babur yake yi wa mutum. Ni nake fara ganin karayar a allo kafin likita.

A wurin aikin ma na haɗu da Dachung. Aka turo shi a keken marasa lafiya, ya faɗo daga babur, daga takalmi har gira jar lakar Carolina ce, kamar an tono shi a gonar dankali. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Na kama hannunsa zan gyara masa zama, sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Wayyo Allah, gajeriyar nan za ta ƙarasa ni."

Na ce, "Gajeriyar tana jin ka. Ka daina motsi."

Ya zaro ido. Dariya ta kama shi, dariyar ta taɓa karayar, ya koma ihu. Ashe ɗan Vom ne, maƙwabtanmu a gida. Tun daga ranar ya sa mini suna Mai hoto.

Dachung bakanike ne, amma ba na mota ba. Yana hayar wata tsohuwar rumfa a bayan gidan wani dattijo a Pleasant Garden, can kudu da gari inda gidaje suke nesa da juna. Aikinsa baburan nan ne masu dogayen ƙafafu, waɗanda suke bin kwalta kuma su shiga daji. Mutum zai kawo masa sabo fil daga shago, shi kuma ya kwance shi ya sake gina shi daidai da mai shi. Ya cire tayoyin kwalta ya sa masu haƙora. Ya ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, ya sa garkuwa a gaban hannu don kar reshe ya fasa yatsu, ya canja tanki ya sa babba. Kafin ya taɓa shoka sai ya ɗora mai babur a sikeli da kayansa duka, har gorar ruwansa. Yana aiki yana rera waƙoƙin majami'a da wata murya mai kama da ta tsohon janareto, kuma ko a jikinsa.

Wasu samarin turare suke kawowa, ko jaka. Ni Dachung babur ya gina mini. Na taɓa hawa nasa ina wasa, ƙafafuna suna lilo a sama, na ce ai wannan abin ba don irinmu aka yi shi ba. Ashe ya je ya sayo wani tsohon ƙarami ya ɓoye a bayan rumfa. Ya sauke masa shoka, ya yanke soson kujera ya sake ɗinke ta, ya sassauta kuloci don hannuna ƙarami ne, ya fesa masa fenti kore saboda ya lura mayafaina kusan duk koraye ne. Ranar da ya yaye tampol ɗin ya ce, "Hau." Na hau, sai na ji tafin ƙafafuna biyu a ƙasa. Jama'a, ni da ba na kuka a gaban namiji, sai da na rufe gilashin hular kwano.

Daga nan kowace Asabar muna dajin Uwharrie, mai tuddai da duwatsu, kudu da mu. Mama ta ɗauka ƙarin aiki nake zuwa. Shi yana gaba yana ihu, "Miƙe tsaye! Saki gwiwa! Kar ki maƙe totur kamar wuyan kaza!" Abokinsa Tassiou, mutumin Agadez mai tuƙa tirela, yana baya da waya yana ɗaukar mu. Na faɗi a laka, na faɗi a rafi, na taɓa faɗuwa ma babur yana tsaye. Amma ban taɓa jin ina numfashi har ƙasan ciki ba sai a can.

Bidiyon Tassiou ne ya tona mu. Ya sa a waya, wani ya tura wa wani, har ya isa hannun Anti Scholastica, shugabar zumuntar mata ta cocinmu. Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta shigo da zanin zumunta a jikinta, ko ɗankwali ba ta kwance ba. Ta ajiye waya a teburin kicin, bidiyon yana ta maimaita kansa. Ni ce na zame a laka, na tashi ina dariya, haƙora kawai ake gani.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Mama."

"Na ga ke ce. Daga bakinki nake so in ji."

Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Zama ta yi, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Kawunki Nathan a hoto kawai kika san shi. Ni na goye shi. Ni na saya masa babur don ya daina zaman banza ya yi acaɓa. A hanyar Bukuru tirela ta bi ta kansa. Da takalmi na gane shi, Serah. Da takalmi."

Na ce, "Mama, wannan daban ne. Daji ne, babu tirela. Muna sa hular kwano da..."

"Akwai wani saurayi a wurin aikina, bai kai ki shekaru ba. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki. Uwarsa tana zuwa ta yi masa aski tana yi masa hira, shi yana kallon silin. Shi ma ya sa hular kwano." Ta kife wayar. "Ki kira mini yaron nan."

Dachung ya zo da kaftani ruwan toka, ya goge hannuwansa har sun yi fari, amma baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce. Ya ƙi kujera, ya durƙusa a kafet. Mama ta ba shi kunun gyaɗa, ta jira ya sha.

"Ɗana, ban ƙi ka ba. Na tambaya, kowa ya yabe ka. Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da kullum zan zauna ina jiran a kira ni a kansa ba. In kana son Serah, ka rabu da babur. Hawa da gyara duka, don mai gyara sai ya gwada."

Ina tsaye a ƙofar kicin, ina jira ya fara bayani. Na san shi, zai iya kwana yana kare babur. Ya daɗe yana kallon kafet, sannan ya ce, "Na ji, Mama. Na bari."

"A gaban Allah?"

"A gaban Allah."

Ku gaya mini, wace mace ce ba za ta ji daɗi ba? Na ji, har kaina ya kumbura. A nan na zo na rubuta muku, kuka yi ta turo mini zukata.

Ya sayar da baburansa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira masu kawo masa aiki ya ba su haƙuri. Ya samu aiki a wani wurin canja baƙin mai a titin Wendover, inda yake wuni a cikin rami, motoci suna hawa kansa suna sauka. Sun ba shi shuɗiyar riga, sun rubuta sunansa ba daidai ba a ƙirji, bai ce a gyara ba.

A waya na fara ganewa. Da can saƙonsa irin wannan ne: "Mai hoto, ki zo ki ji muryar injin nan, ya fi ƙungiyar waƙarku iya waƙa." Yanzu kuwa sai, "Ina kwana Serah. Na isa aiki." Da yamma, "Na tashi. Ki gai da Mama." In na tura masa abin dariya, ɗan yatsa ɗaya yake maido mini.

Kowace Lahadi yana zuwa gidanmu. Mama ta yi gwate ko tuwon acca, ya ci, ya gode, ya tashi ya wanke kwanuka duk da tana hana shi. Har farar riga mai dogon hannu ta saya masa. Tana gaya wa mata a coci cewa Allah ya mayar mata da ɗa namiji. Ni kuma ina zaune ina kallonsa. Ya daina waƙa. In babur ya wuce a titi, sai loma ta tsaya a bakinsa har ƙarar ta ɓace.

Na tambaye shi a mota, "Kana kewar su?"

Ya ce, "Ƙarfe ne fa, Serah."

Na gwada Mama ma. Ina yi mata kitso, tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna, na ce, "Mama, ko gyaran kawai za ki bar masa? Kin ga yadda ya koma."

"Yaya ya koma? Ya yi ƙiba, hannunsa ya warke."

"Ba ya dariya."

Ta juyo har kitson ya kuɓuce mini. "Gara ya yi shiru yana raye. Namiji yana mantuwa. Ki haifa masa ɗa ki gani." Sai idonta ya cika. "Ke kaɗai gare ni a ƙasar nan. In kuna so ku binne ni da wuri, ku koma kan babur." Ban sake ɗaga maganar ba.

Yau Asabar da safe ina kwance, Tassiou ya kira. "Madam Serah, ki zo garaj. Mai gida yana son rumfarsa, akwai abinki a ciki."

Da doguwar rigar atamfa da silifas na fita, gashina a cikin hular barci, na ce wa Mama zan je sayo kifi. Rumfar ta zama kango. Babu sifana ko ɗaya a bango, sai shatin wuraren da suke rataye. A lungu tampol yana rufe da abu ɗaya. Ban ɗaga ba, na ga koren ta gefe.

Tassiou ya ce, "Dachung ya ce wannan moto ba nasa ba ne, ba shi da ikon sayarwa. Kuma ba zai taɓa shi ba. Ni zan kai shi gidana in ajiye miki." Ya sosa gemu, ya kalli ƙasa. "Kin san inda yake yanzu?"

"Yana aiki."

"Ba ya aiki ran Asabar. Tun da ya fara bai taɓa yi ba."

Nan take na zaci wata ya samu. Ya gani a fuskata, ya ɗaga hannu. "Ba mace ba ce. Wallahi da mace ce da abin ya zo da sauƙi, sai in yi masa faɗa. Mota yake ɗauka ya tafi bakin daji ya zauna. Ba ya hawa, ba ya komai. Kallo kawai."

Na jingina da bango.

"Akwai kuma wata maganar. Wasu mutane a Colorado, masu kai baƙi yawon duwatsu a kan moto, sun ga aikinsa. Suna so ya riƙe musu garaj gaba ɗaya, kuma ya riƙa jan ayari a hanya. Abin da yake mafarki ke nan tun da na san shi. Sun kira, sun sake kira, da ya daina ɗauka suka nemo ni. Ya hana ni gaya miki. Amma ni na gaji da ganin sa haka."

Ban san yadda na tuƙa ba. Na dai ga kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara bugun ƙasan mota, ƙanshin itatuwa da fetur ya shigo ta taga. Filin da ake sauke babura ya cika. Can gefe, nesa da kowa, na ga motarsa. Yana zaune a kan but, sanye da farar rigar da Mama ta saya masa, da takalmin zuwa coci. Wani ayari ya wuce ya shiga daji, na ga hannunsa na dama a kan gwiwa yana murɗawa a hankali.

Ban fito nan da nan ba. Kusa da shi wani Bature yana fama da babur, ya tayar ya mutu, ya tayar ya mutu. Dachung ya sauko ya matsa, ya sunkuya yana saurare. Baturen ya miƙa masa sifana. Sai Dachung ya ja da baya, ya haɗa hannuwansa a bayansa, ya nuna wurin da haɓa yana yi masa bayani. Mutumin ya taɓa inda aka ce, injin ya tashi. Ya ɗaga wa Dachung hannu ya wuce, ya bar shi a cikin ƙura.

Da ya juyo ya gan ni, bai firgita ba. Kamar ma ya gaji da ɓoyewa.

"Ban karya alkawari ba," ya ce. "Ban taɓa ko ɗaya ba."

"Na gani."

Muka zauna a kan but. Na ce, "Ka dawo da su. Ka sake buɗe rumfar. Mama ba sai ta sani ba."

"Na durƙusa a gabanta na kira sunan Allah, Serah. Kina so in fara aure da yi wa kakar 'ya'yana ƙarya?"

"To ni na yafe sharaɗin."

"Ba ke kika sa shi ba." Ya kakkaɓe ƙura daga hannun rigarsa. "Kuma ba ƙarya ta yi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ke kin fi kowa sani."

Na sani kuwa. Na ce, "To ka gaya mini gaskiya. In mun yi aure, zai wuce?"

Wani babur yana hawa tudu can ciki, muna jin yadda yake canja giya.

"Kullum ina addu'a ya wuce. Ina tashi da safe, in duba, babu abin da nake ɗokin gani a ranar sai ke. Da farko na ɗauka soyayya ce haka. Yanzu na ga kaya ne nake ɗora miki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina cikin ramin nan jiya, mai yana ɗigo mini a fuska, saƙonki ya shigo. Na ga sunanki, sai na ji haushi. Ɗan kaɗan ne, ya wuce nan take. Amma na ji shi. Ban yi barci ba saboda tsoro. Ba na so wata rana in zauna ina kallonki a tebur ina jin wannan abin."

Masu karatu, da mari ya yi mini da na san inda zan dafe. Hawaye suka zubo, ban share ba. Ban ji haushinsa ba, don ni ma na daɗe ina kallonsa a tebur ina neman mutumin da na so, ba na samun sa.

Na ce, "Tassiou ya ce ka ƙi mutanen Colorado."

"Ban ƙi ba. Daina ɗaukar waya na yi, don na san abin da bakina zai faɗa. Sun ce in ba su ji ni ba zuwa Litinin, za su ba wani."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Mama ce ta turo hoton atamfa, ruwan zuma da zanen ganye, an baza ta a kan gadonta. A ƙasa ta rubuta: "Anti Scholastica ta samo mana ankon. Fasto ya ce ku zo gobe bayan sujada a sa rana. Na gode wa Ubangiji da ya bar ni na ga wannan."

Tare muka karanta. Ya sauko daga kan but ya tsaya a gabana.

"Serah, in na je na roƙe ta ta sake ni daga alkawarin, na san za ta sake ni, amma ba da ke ba. In na ce wa mutanen nan na amsa, za ki bar ta ki biyo ni?"

Na buɗe baki. Na tuna Mama a ƙasa tsakanin ƙafafuna, da furfurar da nake ɓoye mata a cikin kitso. Na kalle shi a cikin farar rigar nan, ƙura ta ɓata ta. Ko e ko a'a babu wanda ya iya fitowa.

Wayar ta fara ƙara. Ya kalli sunan da ke kai ya ce, "Ɗauka."

Na ɗauka.

"Kin ga atamfar?" in ji Mama, muryarta har rawa take don murna. "Ina kifin? Kai, bar kifin. Kina tare da ɗana, ko? Na sani ai. Ba shi wayar in yi masa albishir da kaina."

Na miƙa masa. Ya kalli wayar a tafin hannuna, ya kalle ni, sannan a hankali ya mai da hannuwansa bayansa.

"Halo?" Muryar Mama tana fitowa 'yar ƙarama a tsakaninmu. "Dachung? Ɗana, kana ji na?"